Guzurin Don Liborio

Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya halicci iska, ya kuma san inda yake aika ta. Mu mutanen kudancin Patagonia, can ƙarshen Amurka ta Kudu, an ba mu kaso mafi tsoka daga wannan halitta, kuma bai kamaci bawa ya yi ƙorafi a kan rabonsa ba.

A shekarun da jiragen sama masu kai wasiƙu suka fara bin gaɓar teku zuwa kudu, ni ne Fada, wato limamin cocin Katolika, a wani ƙaramin gari na bakin ruwa. Cocina ta kwano ce, mabiyana kuwa sun warwatsu a ƙasar da mahayi zai yi mako bai ga ƙarshenta ba. Wata rana da sanyi ya fara kankama, aka bugo tangaraho daga La Porfía, wani makeken gandun tumaki da ke can ciki, cewa Don Liborio Cárcamo yana gargara, kuma yana neman Fada.

Don Liborio (Don laƙabin girmamawa ne a wurinmu) shi ne shugaban makiyayan wurin. Daga tsibirin Chiloé ya zo tun yana saurayi, kamar yawancin mutanensa. Da yake Fada ba ya isa La Porfía sai bayan shekaru, shi ke ja musu addu'a ranar Lahadi, shi ke koya wa 'ya'yansu ladubban ibada, shi kuma ke zama a gefen wanda ajali ya zo wa. Ya rufe idanun mutane da yawa waɗanda suka tafi ba tare da Jibi Mai Tsarki ba, wato gurasar da muka gaskata jikin Ubangiji ce, wanda idan mai mutuwa za a ba, Guzuri muke kiransa. Ya taɓa gaya mini cewa abu ɗaya yake roƙon Allah, kada ya tafi hannu rabbana kamar yadda suka tafi. A kan doki tafiyar kwanaki ce, kogi kuma ya cinye hanyar mota. Amma jirgin wasiƙu zai wuce washegari, kuma a La Porfía yake tsayawa shan mai.

Matuƙin jirgin, Ireneo Etchart, gajere ne mai ƙonanniyar fuska. Ya taɓa faɗawa cikin teku, ya kuma taɓa faɗawa cikin garken tumakin wani, kuma yakan ce tekun ya fi mai tumakin sauƙin kai. Ba ya shiga coci. Hujjarsa ita ce kowane mako yana wucewa kusa da Allah fiye da ni, kuma ba a taɓa kiransa ciki ba. Na same shi a rumfar jirgi yana zuƙar mate, shayin ƙasarmu da ake sha a ƙoƙo, na faɗa masa buƙatata.

"Fada, ka san dokar kamfani," in ji shi. "Wasiƙa a gaba, mutum a baya, limami kuwa ko a lissafi ba ya ciki. Wa za ka je wa?"

"Don Liborio Cárcamo."

Ya ajiye ƙoƙon.

"Shekara da shekaru tsohon nan ke kama mini jirgi," ya ce. "Bai taɓa saki na ba."

Ban tambaye shi mene ne kama jirgi ba. Na ɗauka kamar doki ne, wani ya riƙe linzami mahayi ya sauka.

"Shi wanda za ka ɗauko ɗin, yaya nauyinsa?" ya tambaya, yana nufin Guzurin.

"Bai kai wasiƙa ɗaya ba."

"To Shi ba matsala. Kai ne matsalar. Tumbin nan kawai ya yi buhu biyu. Ka bar littafin nan naka mai kama da tubali, kuma kada ka sa komai a cikinka da safe."

"Dama ba na cin komai kafin sujada."

"Madalla. Yau dai na ga amfanin addini. Man da ke cikin tanki zai kai mu La Porfía, da ɗan ragowar da za a wanke hannu."

Da gari ya waye na yi sujada, na sa Guzuri cikin ɗan batta na azurfa, na rataya shi a ƙirjina, na yafa farin gyalen hidima a wuya, na rufe duka da alkyabba. Ƙa'ida ce cewa wanda ke ɗauke da Guzuri ba ya zancen duniya, ko gaisuwa ba ya amsawa, har sai ya kai shi inda aka nufa. Ireneo bai san wannan ba, amma bai daɗe ba ya gane, kuma ya ci moriyarsa.

"Yau wace rana!" ya ce wa makanikensa. "Zo ka ga ikon Allah, Fada ya yi shiru. Fada, idan ka yarda wa'azinka ya fi hanyar nan zuwa garin Magallanes tsawo, kada ka ce komai."

Ban ce komai ba.

"Ka ji? Ya amsa. Kai ne shaidata."

Suka cusa ni cikin ramin gaba, wato mazaunin fasinja marar rufi, suka ɗora mini buhunan wasiƙu a cinya. Shi ya shiga ramin baya. Daga lokacin da injin ya tashi, ko da an halatta mini magana babu kunnen da zai ji. Iska ta taso daga yamma da irin ƙarfin da ke sa makiyayi ya sauka daga doki ya kwanta. Akwai inda na leƙa ƙasa na ga wani mahayi yana bin hanyarmu, kuma na ɗan lokaci shi ne a gaba.

A nan ya wajaba in bayyana abubuwa biyu, domin ni na san ɗaya, Ireneo ya san ɗayan, kuma shiruna ya hana mu haɗa su.

Na farko, a irin wannan iska jirgi ba ya sauka, saukar da shi ake yi. Matuƙi zai fuskanci iskar da injinsa a buɗe, har jirgin ya tsaya a sama kaɗan daga ƙasa kamar shaho a kan kaza. Sai mutane su taso ta gefe biyu da dogayen sanduna masu ƙugiya, su maƙala su a zobban da ke ƙarƙashin fukafukai, su ja igiyoyi da dukan nauyinsu. Haka za su riƙe shi, matuƙi yana ci gaba da tuƙi a ƙasa, har su raka shi bayan rumbun ulu su ɗaure a turaku. Muddin igiya na hannu, jirgi ne. Da an saki, ganye ne. Wannan aikin Don Liborio ya shugabanta tun zuwan jirgin farko, da wani jan ƙyalle da yake ɗagawa idan mutanensa sun shirya.

Na biyu, mutanen tsibiri idan Guzuri zai wuce ana kaɗa ƙararrawa a gabansa, kuma duk namijin da ya ji zai tuɓe hula ya durƙusa a inda yake, ko cikin taɓo ne, ba zai tashi ba sai Guzurin ya wuce. Wannan ma Don Liborio ne ya koya musu, kuma da kyau ya koya. Sai dai a ƙasarmu ba mai sa hula bai ɗaure ta da ƙulli a ƙarƙashin haɓa ba, kuma kwance ƙullin aikin hannu biyu ne.

Muka iso La Porfía da hantsi. Makiyaya na jere a fili, mataimakin Don Liborio, wani dogo mai suna Baldomero Oyarzo, yana gabansu. Ireneo ya sauko da jirgin a hankali, ƙugiyoyi suka kama, igiyoyi suka miƙe, tayoyi suka taɓa tsakuwa. Na miƙe domin in sauka. Iska ta buɗe alkyabbata, farin gyalen ya bayyana. A bakin filin akwai Doña Clorinda, matar Don Liborio, riƙe da ƙararrawar da ake rataya wa goɗiyar da ke jan garke, domin ba su da ta coci. Ta ga gyalen, ta ga hannuna a ƙirji, ta yi abin da ya dace. Ta kaɗa.

A tsawon hidimata ban taɓa ganin jama'a sun durƙusa da irin wannan haɗin kai ba. Daga sama na gan su, domin kafin gwiwoyinsu su kai ƙasa mun riga mun bar ta.

Jirgin ya tashi da baya, ƙugiyoyi suka zube. Na faɗa cikin ramina, buhunan wasiƙu suka bi ni. Ireneo ya faɗi wasu kalmomi waɗanda iska, cikin rahamar Ubangiji, ta tafi da mafi yawansu. Ya buɗe injin, ya daidaita fukafukan, muka shiga kewaya filin. Sai ya bugi kafaɗata, ya nuna mini tanki, ya ɗaga yatsa ɗaya. Na fahimta. Gwaji ɗaya ya rage mana.

Na leƙa ƙasa. Mutanen na nan a durƙushe, hulunansu a hannu, suna juyawa a kan gwiwoyinsu suna bin jirgin da fuska. Guzuri bai wuce ba, kewaya su yake yi, saboda haka ba su da dalilin tashi. Na fitar da hannu na yi musu alamar su miƙe. Suka ɗauka albarka ce, suka yi alamar gicciye. Na sake yi da ƙarfi. Suka ƙara sunkuyar da kai.

Na bi abin da na karanta a zuciyata, babi bayan babi. Malamanmu sun yi bayanin ɗaukar Guzuri a kan doki, da cikin kwalekwale, da lokacin annoba, da lokacin da ake farautar masu bi. Dukansu sun haɗu a kan cewa larura tana ɗauke durƙuso. Hukuncin a sarari yake, amma yana tare da ni a sama, masu buƙatarsa kuwa suna ƙasa.

Abin da ya faru a ƙasa a wannan lokaci, daga bakin Doña Clorinda da Baldomero na ji shi daga baya, kuma maganarsu ba ta saɓa ba. Don Liborio yana kwance a ɗaki a kan gadonsa na ƙarfe. Tun da ya nemi Fada bai sake magana ba, amma kunnensa ya san injin. Ya ji ya sauko, ya ji ya koma. Doña Clorinda ta shigo da gudu ta tarar idonsa a buɗe.

"Clorinda, wa ya saki jirgina?"

"Kowa da kowa."

"Wa ya kaɗa ƙararrawa?"

"Ni. Ai kai ka koya mana."

"Ni na koya muku," ya ce. Ya rufe ido kaɗan. "Kira su su fitar da ni. Da gadon."

Mutum huɗu suka zo, kawunansu a buɗe, suka ɗauki gadon da shi a kai suka kai tsakiyar fili, suka ajiye, suka koma kan gwiwoyinsu.

"Baldomero," in ji tsohon, "kai jakin Allah, ina igiyar da na bar maka amana?"

"Baba, Ubangiji ne fa a sama."

"Ya saba da can. Ƙasa muke so Ya sauko. Ku tashi ku riƙe igiya."

Ba wanda ya motsa.

"Baba, ka yi haƙuri," Baldomero ya ce. "Ka manta kunnena da ka murɗe ina yaro, ranar da na tsaya da hula? Har yau a karkace yake. In na miƙe yanzu, gyatumata sai ta taso daga kabari."

"Da ta taso ai da mun samu mai riƙe igiya."

Tsohon ya saurari injin a sama, ya ji yadda ya fara tari. Ya san abin da ya shuka a cikin mutanen nan shekara talatin ba zai tumɓuke shi da ragowar man da ke cikin tankin ba.

"To ku gaya mini," ya ce, "wane ne a nan durƙuso bai wajaba a kansa ba?"

"Sai mara lafiya, Baba."

"Ga shi nan kwance. Ku kawo igiyoyin ku zura ta ƙarfen gadon nan, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Ku mirgino dilolin ulu ku tokare ƙafafunsa. Huluna a ƙarƙashin gwiwa. Na taɓa koya muku cewa mai durƙuso ba ya riƙe gadon majinyaci?"

"A'a, Baba."

"To ku riƙe. Baldomero, ɗauki sanda ka ja gwiwa zuwa can, ƙaninka ya je ɗaya gefen. Ba za ku je wa fukafukai ba, su za su zo muku. Ɗan nan mai tuƙi ya iya, rashin kunya ce kawai ta yi masa yawa."

"Liborio," in ji Doña Clorinda, "farfelar nan za ta yanke maka ƙafafu."

"Ba inda zan sake zuwa da su. Miƙo mini ƙyallena."

Daga sama na ga gado ya fito fili, mutane sun kewaye shi a durƙushe. Na ɗauka gawa suke nuna mana. Ireneo ya gaya mini daga baya cewa shi ma haka ya zata, har ya fara neman wani kwari da zai jefa mu a ciki. Sai wani siririn hannu ya ɗago daga cikin barguna, da jan ƙyalle yana kaɗawa.

Ireneo ya juya hancin jirgin cikin iska. Filin da ya saba sauka a kai faɗinsa ya kai gari, amma yanzu an ba shi tazarar da ke tsakanin mutum biyu masu durƙuso, da gado a gabansa. Ya sauko taki bayan taki, injin yana tari yana shiru yana sake kamawa. Na ga fuskar Baldomero ta taso daidai da gefen ramina, idanunsa a ƙasa saboda ladabi, sandarsa a sama tana lalube. Ƙugiyar dama ta kama. Ta hagu ta kuskure, ta sake, ta kama. Igiyoyi suka miƙe da ƙara, jirgin ya ja baya, gadon ya biyo shi yana huɗa tsakuwa, da diloli da mutane duka a kan gwiwoyinsu. Ya yi tafiya kamar tsawon amalanke biyu, sa'an nan ya tsaya. Injin ya yi tari na ƙarshe ya mutu da kansa. Farfela ta tsaya, ƙafafun Don Liborio na nan yadda Allah ya halicce su.

Doña Clorinda ta sake kaɗa ƙararrawa. Wannan karon kowa ya riga ya durƙusa, babu wanda ya saki komai.

Na sauko da rarrafe, na ratsa tsakanin mutane zuwa kan gadon. Ƙa'ida ce a fitar da kowa kafin majinyaci ya furta zunubansa, amma da na sallami ko mutum ɗaya da jirgin ya tafi da mu duka. Iska ta yi mana aikin labule. Na kafa kunnena a bakinsa, kuma ko ni da ƙyar na ji, balle wanda ke riƙe da ƙafar gado. Na yi masa addu'ar gafara, na shafa masa mai. Sa'an nan na lulluɓe kaina da nasa cikin alkyabba, don kada iska ta ɗauke abin da muka sha wannan tafiya dominsa, na buɗe battan, na ba shi Guzurinsa. Ya karɓa. Ya daɗe idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi.

Da ya buɗe ido, jirgin ya duba. Ireneo na zaune a raminsa, hannunsa a kan sandar tuƙi, domin jirgi a cikin iska ba a barinsa ko injinsa ya mutu.

"Ɗan nan!" Muryar tsohon ba ta kai ba, sai Baldomero ya ɗaga masa ita. "Baba ya ce saukarka a karkace take!"

"Ce masa ban saba sauka a ɗakin kwanan mutane ba!"

"Ya ce ina hularka?"

Sai a lokacin na lura kan Ireneo a buɗe yake. Hular fatarsa mai maɗauri biyu, wadda iska ba ta taɓa iya cire masa ba, tana can tana mirginawa wajen shingen tumaki.

"Zafi nake ji!" in ji shi.

A safiyar nan sai da aka fasa ƙanƙara a kwamin dawakai kafin su sha.

Da na rufe battan babu komai a ciki, na gaya wa mutanen cewa yanzu suna iya tashi. Suka ɗaura hulunansu, suka raka jirgin bayan rumbun ulu kamar yadda suka saba, suka zuba masa mai. Ireneo bai zauna cin nama ba, ya ce wasiƙu sun makara. Ya zo ya tsaya a gefen gadon, ya gyara wa tsohon bargo. Ni kuma ya dube ni ya ce nauyina ya fi yadda ya ƙiyasta, in nemi doki.

Don Liborio ya ƙi a mai da shi ɗaki sai jirgin ya tashi. Shi ya ɗaga jan ƙyallen, mutanensa suka saki igiya, wannan karon da izini. Ya bi ƙarar da kunne har ta ɓace wajen kudu, sa'an nan ya ce a shigar da shi, sanyi ya fara damunsa. Ya cika kafin faɗuwar rana, matarsa na riƙe da hannunsa, da Guzurinsa a tare da shi. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta cikin salama.

Na zauna har aka binne shi. Doña Clorinda ta yi kwanakin makokinta tana facin gwiwoyin wanduna, domin babu namiji a La Porfía da nasa ya tsira. Ni kuma na koma gida a kan doki.